Yistin Gidan Dascotte

Charleroi, 9 ga Oktoba, 2017

'Yata Solange,

Yau shekara talatin cif da ranar da Gaspard ya bar ni tsaye a ƙofar gidan giyar kakanmu da bokiti a hannu. Na fara da wannan kafin gaisuwa don ki san irin ranar da wasiƙarki ta zaɓa ta iso.

To, ina gaishe ki. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki, da aiki a gidan giyar Thiry. Ni gwiwa ta daina son bene, kunnen hagu kuma ya bi na dama. Gadon da injin cika kwalba ya bar mini ke nan. Shi ya sa na cire wayar gidan nan, mai son magana da ni ya rubuto. Hanci kuwa garau yake, shi kaɗai bai ci amanata ba.

Kin ce tun da muka haɗu wajen jana'izar mahaifiyarki abin ke damunki, wai ku na baya ba ku san abin da ya raba mu ba, ga shi kuma Gaspard ba lafiya. Bari ki ji daga bakina, tunda kin sha ji daga nasu.

Ni da Gaspard 'ya'yan wa da ƙane ne. Ni aka tura jami'ar Louvain, na yi shekara biyar ina karatun haɗa giya, na fito na ɗaya a ajinmu. Shi ya zauna gida yana koyon yi wa masu mashaya dariya. A 1987 ya sayo tsofaffin bututun roba daga wani gida da ya rufe, ya sa aka ɗaura ba da sanina ba. Tanki uku suka yi tsami. Ya tara ma'aikata a tsakar gida, ya ɗaga kofi sama, ya ce, "Ga abin da boko ya dafa mana. Gurɓatacciya." Dangi suka zauna, suka ɗaga hannu, aka ce in tafi. Mahaifiyarki kaɗai ta bar hannunta a cinya, Allah ya jiƙanta.

Duk wannan da na haɗiye. Bayan wata biyu na sami wani tsohon ɗakin tatsar madara inda zan fara nawa. Na ɗauki shuɗin bokitin langa na mahaifiyata, mai murfi, na je ɗibar yisti. Ke ma a sana'ar kike, kin san mai dafa giya ba ya hana wani mai dafa giya yisti, ko da jiya suka fito daga kotu. Kaka Hilaire ya cika wa mutumin da ya kai ƙararsa wurin sojan Jamus lokacin yaƙi bokitinsa da yisti.

Gaspard ya fito da kansa.

"A'a, Farfesa ne? Me aka kawo mana a bokiti?"

"Yistin Kaka na zo ɗiba."

"Babu shi a cikin littattafanka?"

"Gaspard, ka san ba a hanawa."

"Mai dafa giya ne ba a hanawa. Kai tsami kake dafawa."

Ya ja ƙofa. Na ajiye bokitin a wurin, na tafi. Ban sake dafa giya ba. Da yistin wani zan iya, amma giyar wani ce za ta fito. Na yi shekara ashirin da huɗu ina gwada ruwan famfo a ɗakin gwaji, ina kuma zaga gasa ina ɗanɗana giyar mutane, ina ba su maki.

Yanzu ga labari. 'Ya'yansa sun fitar da sabuwar giya mai ruwan zinariya, mara nauyi, don cikar gidan shekara ɗari da ashirin da biyar, sun sa mata sunan Hilaire. Gaspard bai taɓa shiga gasa ba, bana girman kai ya shigar da shi ta Namur, ta watan gobe. Ki kintata wa ke shugabantar teburin alƙalan wannan rukunin.

Kin ce in je in duba shi. Zan duba shi, a cikin kofi.

Kawunki,
Odilon


Saint-Hubert, 17 ga Oktoba

Kawu Odilon,

Na gode da amsa. Lafiyarmu ƙalau, sai dai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa, maigida kuma ya turguɗe ƙafa wajen bin namomin daji shi da abokansa, yana kwance yana ba kowa umarni. Ka riƙa ɗora wa gwiwar nan ruwan ɗumi, kada ka ce mini boko bai yarda da shi ba.

Labarin bokitin na sani, amma ban taɓa jin maganar da Kawu Gaspard ya faɗa maka a ƙofa ba. Bai kyauta ba, ba zan kare shi ba. Sai dai mutumin da na gani makon jiya ba zai iya jan ƙofa ba yanzu. A kujera ake tura shi, hannunsa ɗaya ba ya motsi.

Kawu, ƙarshen wasiƙarka ya ba ni dariya, daga baya ya ba ni tsoro. Kofuna ake kawo muku ba suna ba takarda, sai lamba. A cikin ashirin da wani abu, ta yaya za ka gane tasa? In kuma ka gane, giyar ta zama mai kyau fa? Ni tun ina makaranta ake ba mu labarinka, wai akwai wani Dascotte da ba a taɓa sayen hancinsa ba. Ina ta bugun ƙirji ina cewa kawuna ne, ko da yake sau biyu na taɓa ganinka.

Ina da wata magana da kai, amma sai an gama gasar. Zan zo Namur ranar Lahadi wajen raba lambobin yabo. Ka ajiye mini yammacin, in saya maka kifi da soyayyen dankali.

'Yarka,
Solange


Charleroi, 30 ga Oktoba

'Yata Solange,

Ina gaishe ki, ki gai da mai ƙafa. Na gwada ruwan ɗumin, gwiwa tana nan yadda take. Labarin kujerar Gaspard bai taɓa ni ba. Hannun da ya ja ƙofar shi ne na dama, ina fata shi ne ya tsaya.

Kin tambaya yadda zan gane. Haba 'yar nan, uwa tana neman takarda kafin ta gane kukan ɗanta? Sha'ir kowa na iya saya, furen ublon da ke ba giya ɗaci kowa na iya saya, ruwa ma yanzu gyara shi ake yi. Yisti ne sa hannun gida. Namu tun 1892 ake kwashe shi daga kan tanki a zuba a na gaba, bai taɓa yankewa ba. Kaka ya ƙi a kai shi ɗakin ajiyar jami'a, wai ba ya barin ɗansa ya kwana a gidan baƙi. Ina ɗan shekara bakwai ya tsoma mini yatsa a ciki ya ce in lasa. Yana fara maka da busasshen ɓawon lemo. In kofi ya ɗan huce daga sanyi, sai ƙamshin burodi mai zafi. Can bayan ka haɗiye, sai wani ɗan yaji kamar masoro ya taso ta bayan hanci, ya yi sallama ya wuce. Babu wani yisti a ƙasar nan mai wannan sallamar. Ko a cikin kofi ɗari zan ware shi.

Wannan ɗan masoron shi ne wuƙata. Alƙalan yanzu yara ne da suka koyi giya a kwas na mako shida. An koya musu cewa yaji a giya mara nauyi alamar yistin daji ce, wato ƙazanta. Ba zan rage wa Gaspard maki kawai ba, rage maki kowa na mantawa. Akwai wani ɗan akwati a ƙasan takardar alƙali da ba a cika taɓawa. Zan sa masa alama, in rubuta kalmarsa da hannuna, in sa suna. Gurɓatacciya. Takardar za ta je ofishinsu, ma'aikata su karanta, masu mashaya su ji. Shekara talatin ina riƙe masa da ita, lokacin mayarwa ya yi.

Na san doka ta ce alƙali ya janye in ya san danginsa na cikin rukuninsa. Ni ba ni da dangi a gidan nan, su suka ɗaga hannu suka faɗa.

Kika ce in mai kyau ce fa. Mai kyau ce za ta zama, yistin nan ko a hannun jaki ya shiga sai ya yi abin kirki. Wannan ne zai sa abin ya fi yi mini daɗi.

Kawunki,
Odilon


Saint-Hubert, Litinin, 13 ga Nuwamba

Kawu,

Ina gaishe ka a gurguje. Yau wasiƙarka ta zo hannuna. Mako biyu tana cikin aljihun tebur a ofis, matar Thiry ta haɗa ta da takardun kaya. Na sa wannan a wasiƙar gaggawa, gobe za ta same ka, gasar kuwa sai Juma'a.

Kada ka yi. Kofin da za ka gane ba na Kawu Gaspard ba ne, nawa ne.

Shekara biyu ke nan gidansu ba su amfani da yistin Kaka. 'Ya'yansa sun sa dogayen tankuna na zamani, yistin ya ƙi su, yana jan ƙafa, sai suka koma sayen na fakiti kamar kowa. Ranar da za su zubar da na ƙarshe, Kawu Gaspard ya aiko in zo. Ya sa aka fito da shuɗin bokiti daga ƙarƙashin teburinsa, gefen murfin ya ɓantare. Ya ce, "Kin san na wa ne?" Na ce na sani. Ya ce, "Cika shi. Daga hannuna wannan mai taurin kan ba zai karɓa ba, ko zai mutu. Ki raya shi, ranar da ya yi giyar da ba za ki ji kunya ba, ki kai masa." Na ce, "Ka ba shi haƙuri mana da bakinka." Ya ce, "Ke, ɗauki bokiti ki tafi kafin in canja ra'ayi."

Tun ran nan nake kiwonsa a ƙaramin tanki ɗaya da Thiry ya ara mini a kusurwa. Da ƙyar ya yarda. Tsoron baƙon yisti yake kamar annoba, ya ce ranar da ya ji ko ƙishin-ƙishin ƙazanta, zai wanke tankin da soda mai zafi ba tare da ya tambaye ni ba. Da sunan gidansa aka shigar da giyata, don shi ke da lasisi, saboda haka takardar alƙalai wurinsa za ta je. In ka rubuta kalmar nan, yistin ya mutu, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai a gidan Thiry.

Na ɓoye maka ne don in ka sani dole ka janye, ni kuma hancinka nake so ya yanke mata hukunci, ba tare da ka san tawa ce ba. Wauta ce, na yarda. Yanzu ka janye, ko ka zauna ka faɗi gaskiya, duk wanda ka zaɓa.

Na ɗauki waya zan kira masu gasa, na ajiye. In na faɗa musu abin da ka shirya, sunanka ya ƙare. Ba zan yi maka haka ba. Na bar abin a hannunka.

Solange


Charleroi, Lahadi, 19 ga Nuwamba

'Yata Solange,

Ina gaishe ki da zuciya fara, abin da na daɗe ban yi wa kowa ba. Lafiyata lau. Makon jiya mura ta so ta yi mini shigar sauri, sai na tattara tun ranar Litinin na tafi bakin teku a Ostende, na yi kwana huɗu ina shaƙar iskar gishiri, ba gahawa ba taba, sai burodi da ruwa. Daga can na wuce Namur. Jiya da yamma na dawo, na tarar da wasiƙarki a ƙarƙashin ƙofa, har da jan tambarin gaggawa. Ban buɗe ba. Na san wa'azi ne, zan karanta in na gama jin daɗina. Ki yi haƙuri da maganar kifi, ban tsaya bikin raba lambobi ba, ba na son ganin fuskar 'ya'yan Gaspard.

Mu biyar ne a tebur, kofuna ashirin da biyu. Sha uku na farko duk 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, masu tsabta, marasa hali. Sai aka ajiye na goma sha huɗu.

Tun kafin in ɗaga na sani. Launin karan alkama ne da rana ta buga, garau, kana hango yatsanka ta ciki. Kumfa fara, ƙanana, ta tsaya kamar an ɗora ta da cokali. Na rufe kofin da tafin hannu, na juya, na buɗe. Ɓawon lemo. Na jira ya huce. Burodi. Na kurɓa, na haɗiye, na fitar da numfashi ta hanci, ga masoro ya zo ya yi sallama. Solange, sai da na kama gefen tebur. Shekara talatin ban sa shi a baki ba. Ban yi zaton 'ya'yan Gaspard na da hannu haka ba, ko mahaifina bai taɓa fitar da shi da sauƙi irin wannan ba.

Akwai wata 'yar Holan a gefena, Femke, tana da hanci, ba laifi. Ta ce, "Wannan ita za mu ba lambar zinariya, ko?"

Na ajiye kofin, na ture shi da ɗan yatsa. Na ce, "Sake shinshinawa, 'yata."

"Akwai ɗan yaji, amma ya zauna daidai. Da gangan ne."

"Da gangan? Shekararki nawa kina wannan aiki?"

"Shida."

"Ni ina da rigar sanyi da ta girme ki a sana'a. Yistin daji ne, daga bututu mara wanki. Yau masoro, nan da wata biyu warin bargon doki. Ki ba ta zinariya, in kwalabe suka fara fashewa a mashaya, sunanki ne a ƙasa."

Wani alƙali mai gemu daga Ingila ya sake tsoma hanci, ya ce lallai yanzu da na faɗa ya ji. Kullum haka suke, sai ka faɗa suke ji. Femke ta yi ja har kunne, ta ce ita dai a rubuta ba ta yarda ba. Na ce a rubuta. Huɗu da ɗaya. Na ɗauki alƙalami na sa alama a akwatin, na rubuta kalmar da manyan baƙaƙe, na sa cikakken sunana, har da Dascotte, don kada ya yi tantama.

Don in ƙara danne ta, na ɗaga kofi na tara, wata mai tsabta kamar ruwan famfon da na yi rabin rayuwata ina gwadawa. Na yabe ta har ta sami lambar azurfa. Mai ita ya gode wa Gaspard.

Abu ɗaya ban yi daidai da tsari ba. Da mai kwashe kofuna ya zo, na riƙe na goma sha huɗu, na ce zan ƙara tabbatarwa. Na shanye shi tas.

Masu gasa sun ce tun jiya suka tura takardun ta na'ura. Ke nan da safen nan wani ya karanta wa Gaspard. Ina so in san wa ya karanta, da yadda bakinsa ya yi. In kin ji, ki rubuto mini komai, kada ki rage.

Kawunki,
Odilon


Charleroi, Litinin, 20 ga Nuwamba

Solange,

Na buɗe wasiƙarki. Tawa ta jiya ta riga ta shiga akwatin gidan waya, ba yadda zan dawo da ita.

Ki saurare ni. Ki ɗebi ko cokali uku ne a kwalba mai tsabta, ki kai gida, ki sa a firji. Ki nuna wa Thiry wannan takarda: ni Odilon Dascotte na yi ƙarya, giyar ba ta da ƙazanta ko ɗaya, a kai ta kowane ɗakin gwaji. Na rubuta wa masu gasa haka da safen nan.

In ya riga ya taɓa tankin, kada ki karaya. Akwai laka a gindin kowace kwalba, yisti na barci a ciki. Ki ba ni kwalba shida da mako uku, zan tashe shi, abin da na karanta ke nan.

Me ya sa wannan la'anannen bai aiko mini da bokitin ba tun shekara biyu? Ko alherinsa sai ya biyo ta bayan gida.

Ki amsa mini da wuri.

Odilon


Saint-Hubert, 24 ga Nuwamba

Kawu Odilon,

Wasiƙunka biyu sun zo rana ɗaya. Na karanta su yadda ka rubuta su, ta farin ciki tukuna. Lafiyarmu ƙalau, tunda al'ada ce a faɗa.

Ka ce in rubuto maka komai kada in rage. To.

Ranar Lahadi ina Namur tun safe, na sa rigar da na saya don ranar, ina leƙen fuskarka a cikin taro. Aka kira azurfa, sai ga babban ɗan Kawu Gaspard ya hau ya karɓa. Kofi na tara ita ce Hilaire ɗinsu, mai yistin fakiti. An ce da aka kai wa tsohon lambar ya tambayi wa ya shugabanci tebur, da aka faɗa masa ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Ga yadda bakinsa ya yi, tunda ka tambaya.

Na iso gida da la'asar. Tun daga ƙofa na ji warin soda. Thiry yana tsaye da takalmin roba, takardarka a hannu.

Na ce, "Me ka yi?"

Ya ce, "Abin da na ce zan yi."

"Ka jira ni mana, ko na yini ɗaya. A gwada tukuna."

"In jira da tanki takwas a gefensa? Dubi sa hannun. Da wani yaro ne ya rubuta, da na jira. Dascotte ne fa. Mutumin nan bai taɓa kuskure ba, ke da bakinki kike faɗa mana kullum."

Ya wanke tankin sau biyu, ya zubar da na ajiya da ke ɗakin sanyi, ya dafa bokitin ma.

Ka ce in ɗebi cokali uku. Na yi wannan tunanin tun ranar da na rubuto maka. Har na wanke kwalba. Sai na ce wa kaina, ke Solange, kin faɗa masa gaskiya, kawunki ne, ɓoye yisti kamar kin ɗauke shi ɓarawo ne. Na mayar da kwalbar. Wannan laifina ne, ba na ɗora maka.

Maganar laka kuwa, kai da kanka ka ce kana hango yatsanka ta cikin kofin. Thiry ba ya barin komai ya bi injin kwalbarsa sai an tace shi tas, an kuma ɗumama. Babu mai rai a ciki. Duk da haka na gwada kwalba goma, kwana huɗu, ko kumfa ɗaya.

Ɗakin gwaji ya ce giyar tsaf take. Thiry ya ba ni haƙuri, ya ce zai saya mini duk yistin da nake so.

Ga saƙo tare da wannan. Bokitinka ne, an ce in kawo maka, na kawo. A ciki akwai takardarka da kwalba biyu, su suka rage. Ka daina rubuto mini zuwa wani lokaci.

Solange


Charleroi, 4 ga Disamba

'Yata Solange,

Kin ce in daina, zan daina bayan wannan. Ina fata kina lafiya. Ni ina nan.

Masu gasa sun cire sunana daga alƙalansu, sun soke hukuncin teburin, sun ce za su buga gyara. Femke ta rubuto mini layi biyu, ba zan maimaita su ba, ta yi daidai. Azurfar Gaspard an bar masa, wai ba laifinsa ba ne. Ban yafe masa ba. Da ya cika bokitin nan ranar da na kai shi, da yau yistin na gida biyu. Zan mutu da wannan, shi ma ya mutu da tasa dariyar. Amma kalmar da ke takardar rubutuna ce, na duba ta sau da yawa, ba hannun kowa a ciki.

Kin so hancina ya yanke wa giyarki hukunci. Jiya da hantsi na wanke kofi, na buɗe kwalba ɗaya, na zauna kamar a tebur.

Launi: karan alkama, garau. Kumfa: fara, mai tsayawa, tana barin zane a jikin kofi har ƙasa. Ƙamshi: busasshen ɓawon lemo, burodi, ɗan zuma daga sha'ir. Baki: mara nauyi amma ba ruwa-ruwa ba, ɗaci kaɗan mai tsabta da ke sa a sake kurɓa. Ƙarshe: masoro, daidai gwargwado. Aibi: kin ɗan yi saurin sanyaya tankin, da kin ƙara masa kwana ɗaya da ɓawon lemon ya fi buɗewa. Ban sami wani ba, kuma na nema. A shekara talatin na alƙalanci sau uku na ba da maki arba'in da takwas cikin hamsin. Wannan ne na huɗu.

Ɗaya kwalbar na dawo miki da ita, ba ni da haƙƙi a kanta. Bokitin na ajiye a kan teburin girki.

Yistin Hilaire Dascotte ya rayu shekara ɗari da ashirin da biyar. An zubar da shi a kwatar gidan Thiry ranar Lahadi, 19 ga Nuwamba, 2017, da misalin ƙarfe goma na safe, lokacin ina zaune ina rubuta miki wasiƙa. Babu saura.

Kawunki,
Odilon